Ina Maikin Kwatarkwashi? Zagayen Kallon Tsuntsaye Daga Gusau Zuwa Tsafe Da Bungudu

Idan aka ce wa Bahaushen yau wani magidanci ya sayi mai da tsadarsa, ya tuƙa mota zuwa bayan gari don kawai ya kalli tsuntsaye, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ko dai mutumin ya ƙoshi har ya rasa abin yi, ko kuwa ya kwaso wata ɗabi'a ta Turawa wadda ba ta da gurbi a ƙasarmu. Idan kuma aka ƙara da cewa a Jihar Zamfara aka yi wannan fita, to sai a shiga yi masa addu'ar samun lafiya. Amma duk wanda ya tashi a karkara ya san kakanninmu ba su jira wani ya koya masu duban tsuntsu ba. Manomi kan dubi shamuwa ya san lokacin sharar gona ya yi, makiyayi kan dubi inda ungulu ke shawagi ya gane inda saniyarsa ta faɗi, maharbi kuwa sai da ya naƙalci tafiyar burtu kafin ya ɗaura kansa a goshi ya yaudari barewa. Wannan ilimi a cikin harshe suka adana shi, wato a sunaye da karin magana da kirari da tatsuniya.

A nan ne maganar ta shafi irinmu masu nazarin harshe. Kalma takan rayu ne muddin akwai abin da take nuni gare shi, kuma akwai mai nuna wa yaro shi da yatsa. A duk lokacin da na nemi ɗalibai su lissafo tsuntsayen da suka sani da Hausa, sai a fara da kaza da zabo da agwagwa da talotalo da tattabara, a taɓo hankaka da mujiya, daga nan aji ya yi tsit. Alhali ƙamusun da Bargery ya wallafa a 1934, da na Abraham na 1949, cike suke da sunayen tsuntsaye waɗanda aka ji daga bakin talakawan ƙasar nan. Don in ga abin da ya rage na waɗannan sunaye a sarari, na yi zagayen kwana biyu a farkon daminar bana, daga Gusau zuwa Tsafe, sa'an nan zuwa Bungudu, da rana tsaka, ba tare da na sauka daga kwalta ba sai a cikin gari. Abin da na gani, da wanda na nema ban gani ba, shi nake son in gabatar wa mai karatu.

Bari mu fara da Gusau. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa ta gefen garin, kuma da sassafe bakinsa bai rasa baƙi. Akwai zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, akwai balbela tana bin shanu, ga zakaran ƙeƙuwa yana ta ƙara a kan yashi, ga kuma marai sun rataye sheƙunansu a rassan da suka sunkuyo kan ruwa. Sai dai da na juya wajen mahauta, inda duk wanda ya haura shekara 40 zai tuna yadda ungulaye kan yi sahu a kan katanga suna jiran a watso hanji, ban ga ko ɗaya ba. Shirwa da hankaka su suka gaje wurin. Mahautan da na zanta da su sun tabbatar mani cewa sun daɗe rabonsu da ita, har wani matashi a cikinsu ya nuna cewa a karin magana kawai ya san ta.

Wannan ba abin da ya keɓanta da Gusau ba ne. A shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya ungulun da muka sani a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Manyan dalilan guda biyu ne. Na farko guba, wadda akan zuba a mushe don kashe kura ko karnuka, ko kuma don ungulun kanta. Na biyu cinikin kai da ƙafafu da ƙwanta don tsibbu da neman sa'a, cinikin da masu bincike suka nuna cewa kasuwannin Nijeriya na cikin manyan cibiyoyinsa a Afirka ta Yamma. A ƙasar Gini Bisau, a shekarar 2020, an tsinci gawarwakin ungulaye kimanin 2,000 waɗanda aka kashe da guba, da yawansu an sare kawunansu. Ita kuwa ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, kuma a kan dogon itace take sheƙa. Bahaushe ya ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya; to yau tsamiyar ma ta zama gawayi.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu da ƙazamar tsuntsuwa. Amsar tana Indiya. A shekarun 1990 makiyayan ƙasar suka rungumi wani maganin ciwon jiki na dabbobi mai suna diklofenak, wanda ke lalata ƙodar duk ungulun da ta ci mushen dabbar da aka yi wa allurarsa. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulayen ƙasar suka mutu, kafin a haramta amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwan sha, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani nazari da masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ashe ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba ta karɓar albashi, ba ta kuma zuwa yajin aiki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Daga Gusau, in ka ɗauki hanyar Zariya ka wuce Jami'ar Tarayya, ba ka yin nisa za ka hangi Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, ko da yake a kan hanyar Tsafe yake, kuma yana da masarautarsa mai tsohon tarihi. Abubuwa biyu aka san dutsen da su tun zamanin maguzanci: tsafin Magiro, da bikin kamun maiki, inda samari kan hau dutsen su kamo wannan ƙaton tsuntsu a matsayin gwajin jarunta. A yau idan aka tashi bayar da labarin bikin da Turanci, sai a fassara maiki da kalmar da ke nufin gaggafa, domin a Hausar rediyo da jarida mikiya ta zama sunan tsuntsun da ke kan tambarin Nijeriya. Amma a ƙamusun Bargery, maiki ko mikiya sunan wani babban ɗan'uwan ungulu ne, wanda masana ke kira Gyps rueppelli, don tunawa da Bajamushen nan mai yawon bincike, Eduard Rüppell. Ma'anar kalmar ta gusa ne saboda mai sunan ya yi nisa da idon jama'a.

Shi wannan tsuntsu ba ƙaramin abu ba ne a duniyar ilimi. Faɗin fukafukansa ya haura mita 2, galibi a jikin tsauni mai wuyar hawa yake sheƙa, kuma a cikin taro yake zama. A watan Nuwamba na 1973 wani jirgin sama ya yi karo da ɗaya daga cikinsu a sararin samaniyar Abijan, a tsayin mita 11,300, kuma har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya kai wannan nisa ba. Dutsen Kwatarkwashi yana cikin wuraren da aka fi sani da hayayyafarsa a Nijeriya, har mujallar masana tsuntsaye ta Afirka ta Yamma mai suna Malimbus ta buga maƙala sukutum a kansa a 1980. Wanda zai nemi wannan maƙala sai ya san cewa Turawa Kotorkoshi suke rubuta sunan garin, kamar yadda suka rubuta Chafe a maimakon Tsafe, saboda yadda suka ji lafazin a bakin mutanen yamma. Shi ma maiki a 2015 aka sanya shi a jerin masu dab da ƙarewa.

Na daɗe a gindin dutsen ina bin jikinsa da madubin hangen nesa. Na ga hasbiya tana shiga kogo, na ga tsattsewa suna yanka iska, na ji kukan kazar dutse daga cikin duwatsun ƙasa, shaho ɗaya kuma ya gilma. Maiki dai ban sa shi a ido ba. Yinin mutum ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, musamman da yake da rani wannan tsuntsu ya fi zama a sheƙa, amma dattawan da na gaisa da su a bakin kasuwa duk da sigar abin da ya shuɗe suke maganarsa: akwai shi da, mukan gan shi da. Mai nazarin harshe ya san nauyin wannan ƙaramar kalma ta "da". Yaran da suka kewaye mu kuwa, da na tambaye su maiki, sai suka dubi juna.

Tsafe ita ce ta faranta mani rai. Tun kafin shiga gari na fara hangen shamuwa a gonakin da aka share, baƙa mai farin ciki, tana tafe tana tsintar fara da tsutsa, a cikin gari kuma ga sheƙunanta a kan manyan itatuwa, a tsakiyar gidajen mutane. Shamuwa tana hayayyafa ne a yankinmu, daga Senegal har zuwa gaɓar Bahar Maliya, in damina ta ƙare sai ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka ta ci daminar can, ta kuma dawo gab da saukar ruwanmu. Ba ta taɓa neman biza ba.  Al'ada ce ta tsare ta, domin kowane yaro ya tashi da jin cewa ba a jifar shamuwa, ba a taɓa ƙwanta. Ungulu da shamuwa a gari ɗaya suke zaune, tare da mutane ɗaya. Wadda al'ada ta girmama ta wanzu, wadda camfi ya sanya wa farashi ta ɓace. Duk mai son kare wata halitta a ƙasar Hausa, daga wannan darasi ya kamata ya fara.

Sai dai a Tsafe ne kuma mutum ke jin iyakar tafiyarsa. Ga 'Yandoto nan kusa, garin da malamai suka yi wa suna tun kafin jihadi, ga dazuzzukan da suka miƙa kudu har su haɗu da Kuyambana, inda nan ne ya kamata a nemi burtu da tuje da fakara, amma ba mai hankalin da zai ce maka ka gangara. Tun wajen 2011 da ta'asar 'yan bindiga ta fara ƙamari, dajin Zamfara ya fita daga hannun manomi da makiyayi na gaskiya, balle ɗalibi mai littafi da alƙalami. Shi kansa madubin hangen nesa ya zama abin tuhuma, domin a ƙasar da ake fama da masu kai rahoto ga ɓarayi, baƙon da ke leƙen nesa dole ya yi bayani. Shi ya sa duk inda na tsaya sai na fara gaida masu gari na faɗi abin da ke tafe da ni. Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta mai yawon kallo. Tsofaffin maharba da makiyaya, waɗanda su ne ƙamusun daji, da yawansu suna zaman gudun hijira a birane, kuma jikokinsu na tashi a inda ba za a nuna masu komai da yatsa ba.

Kashegari na bi hanyar Sakkwato zuwa Bungudu, inda gulbin ya sake bayyana da fadamunsa. Nan ne na fi cika littafina: kirinjijiya sun taso a garke suna fito, ragon maza yana gurnani a cikin ciyawa, cilakowa tana tsalle daga reshe zuwa reshe, kurciya da bardo a bakin hanya, alhudahuda kuma yana caccakar ƙasa da kambinsa a kai, sunan da muka aro daga Larabci tare da ƙissarsa da Annabi Sulaimanu. Balbela kam ba a magana. Ita ce ma ta ba duniya mamaki, domin da kanta ta ƙetare Tekun Atlantika, aka fara ganinta a Kudancin Amurka wajen 1877, yau kuma ta cika nahiyar. Carki ne na ƙirga da yatsun hannu ɗaya a bayan shanu. A kudancin Afirka an tabbatar cewa magungunan kashe kaska masu ƙarfi sun taɓa kusan share danginsa daga yankuna da dama, kuma ya kamata likitocin dabbobinmu su sa ido.

A Bungudu ne kuma na tsaya kallon hankaka, na tuna kirarin da ake yi masa na mai da ɗan wani naka. Bahaushe ya ɗauka cewa hankaka ba ya ƙyanƙyasa, satar 'ya'yan wasu yake yi. Masana sun gano cewa akwai wani tsuntsu mai dabbare-dabbaren fukafukai wanda ba ya gina sheƙa, sai ya faki ido ya saka ƙwansa a sheƙar hankaka, shi kuwa ya ƙyanƙyashe ya yi ta ciyarwa. Ke nan idon kakanninmu ya ga daidai, sun ga hankaka na renon ɗan da bai yi kama da shi ba. Fassarar ce ta juya, aka mai da wanda aka cuta ɓarawo. Irin wannan shi ke nuna cewa karin maganarmu rumbun lura ne na ɗaruruwan shekaru, wanda ke jiran a auna shi da ma'aunin kimiyya.

Wanda na fi jin rashinsa a fadamar shi ne gauraka. Tsuntsu ne da ake yi wa kallon tsuntsun ƙasa a Nijeriya, wanda a da ake kiwonsa a gidajen sarakuna da attajirai don ƙawa, kuma wannan sha'awa, tare da bushewar fadamu, ita ta cinye shi, har ya zama da wuya a gan shi a dajin ƙasar nan. Wanda ya yawaita shi ne jan baki, abokin gabar mai gero da dawa da shinkafa, wanda ake ɗauka ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya. Idan ya sauka akan yi masa feshi ta jirgin sama, maganin kuma ba ya tambayar suna. Shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawarsa su ma sukan bi shi, alhali su ne ke rage wa manomi ɓera da gafiya.

Na san akwai mai cewa: Malam, ana kashe mutane, ana sace mata da yara, ana sanya wa ƙauyuka haraji kafin su yi girbi, kai kuwa kana kukan tsuntsu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ran ɗan Adam ɗaya ya fi duk tsuntsayen dajin. Amma tsuntsu ma'auni ne na lafiyar ƙasa. A bazarar 1969 masu kallon tsuntsaye a Ingila suka lura cewa fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cin rani a yankinmu, bai koma ba. Da aka bi sawu sai aka tarar fari ne ya fara a Sahel, farin da ya zama babbar yunwar 1972 zuwa 1974. Tsuntsu ya kai labari Turai kafin hukumomi su farga. Ƙarewar itatuwa da ƙafewar fadamu da cinye burtali da makiyaya, waɗanda suka kori gauraka da burtu, suna cikin abubuwan da suka haɗa manomi da makiyayi faɗa tun farko. Jihar da aka kafa a 1996 tana taƙama da noma ba ta da hujjar yin watsi da irin wannan ma'auni.

To mene ne abin yi? Na farko ya rataya a wuyanmu malaman jami'a. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da masu nazarin Hausa da masu nazarin halittu a harabar da ba ta da nisa da Dutsen Kwatarkwashi. Ya kamata su haɗa hannu su naɗi muryoyin tsofaffin maharba da makiyaya da masunta, da Hausar Zamfara da Fulatanci, a nuna masu hoto da kukan kowane tsuntsu, su faɗi sunansa da kirarinsa da abin da aka sani game da shi. Wannan aiki ba ya bukatar shiga daji, domin masu ilimin suna cikin gari, kuma ba za su dawwama ba. Na biyu, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda kowa ke iya aika abin da ya gani ta wayar hannu. Ɗalibi a Gusau ko Tsafe ko Ƙauran Namoda na iya yin wannan daga bakin gulbi ko bayan makaranta.

Na uku, sarakuna da malamai da shugabannin masu maganin gargajiya su fito fili su yi magana a kan cinikin sassan ungulu. An kafa dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa a 1985, an kuma yi mata gyara a 2016, amma misalin shamuwa ya nuna mana cewa hanin da ya fito daga bakin uwa da liman da mai unguwa ya fi na takarda tasiri. Na huɗu, masarautar Kwatarkwashi da gwamnatin jiha su ɗauki dutsen a matsayin wurin da ake karewa, a hana fasa shi da sare itatuwan gindinsa, a kuma gayyato masana su ƙirga abin da ya rage a kansa da rani. Na biyar, gidajen rediyo su ba wannan fanni ko da minti 15 a mako, a sa kukan tsuntsu a ce masu sauraro su faɗi sunansa. Za a sha mamakin abin da tsofaffi za su aiko.

Fitinar da ta addabi Zamfara, da yardar Allah, za ta wuce kamar yadda wasu suka wuce kafin ta. Ranar da jama'a suka koma garuruwansu za a sake gina makarantu da kasuwanni, a gyara hanyoyi, domin duk wannan aikin kuɗi ne. Amma tsamiyar da ta shekara 100 ba ta dawowa da kwangila, tsuntsun da ya ƙare ba a sayo shi, kalmar da ta mutu a bakin mai ita na ƙarshe kuma sai dai a tsince ta a ƙamusun Bature. Abin da za a iya cetowa a yau, a ceto shi tun masu shi na da rai. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.